Bayan an sallamo mara lafiya daga aikin ƙwaƙwalwa

Akwai ciwon da jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa ke yin rauni, ta kumbura kamar balan-balan. Ranar da ta fashe, ciwon kai ne ke saukowa farat ɗaya, wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, wani lokaci da amai da sanƙarewar wuya. Mutumin Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi da wannan ya sama, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya da shi Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an yi aikin an dawo gida. Ɗinki ya warke, gashi ya tsiro, sai mu ce ai ya samu lafiya. Alhali gajiya, mantuwa da saurin fushi kan ɗauki watanni. Ma'aikacin ƙaramar hukumar Ajingi zai iya neman hutun rashin lafiya. Manomi fa, ko ɗan acaɓa mai jigila zuwa Gaya? Damina ba ta jiran kowa, sai ka ga manomin duƙe da fartanya cikin rana tun jiki bai yarda ba.

Gayya ce maganin wannan. Dangi da maƙwabta su riƙe masa gonar bana. Kada ya hau babur sai likita ya amince, domin wasu kan samu farfaɗiya bayan aikin. Ya bar sigari, a riƙa auna masa hawan jini a asibitin unguwa, ya fara da aikin zaune na awa ɗaya ko biyu da safe.