Fanshon Inna Yana Hannun Wa?

  An ce in yi magana a kan rashin aikin yi, amma zan biyo ta wata ƙofa, zan fara da iyayenmu mata.

Kowa ya tambayi kansa: ranar da ƙarfin Inna ya ƙare, ta kasa tuyar ƙosai, ta kasa zuwa kasuwa da ƙuliƙuli, daga ina kuɗin cefane da na magani za su fito?

A Nijar hanyoyin fansho biyu ne manya. Ma'aikacin gwamnati yana da CARENI. Wanda ke aiki a kamfani ko wajen wani mai zaman kansa yana da CNSS, inda ake yanke wani kaso daga albashinsa kowane wata, mai gidan aikin ya ƙara nasa, a tara har ya kai shekarun ritaya. Duka biyun an gina su a kan abu guda, wato albashi mai takarda. To mata nawa ne a unguwarku suke da shi? Malamar lekwal, ungozomar asibiti, sakatariya a biro, in kun ƙirga ba za su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran, masu saƙa da masu fura da masu kiwon awaki a bayan ɗaki, sun yi aiki shekara arba'in, amma babu littafin da sunansu ya shiga.

Hanyar da ta rage wa mace irin wannan ita ce ta mijinta. In ya rasu yana da haƙƙin fansho, ana ba matarsa wani kaso, in kuma mata biyu ko uku ya bari, su raba kason tsakaninsu. A nan ne ake kuka. Na ga wannan a cikin danginmu. Gwaggona ta fita takaba, muka ɗauke ta zuwa neman haƙƙinta, aka ce mu kawo takardar aure. Aure an ɗaura shi gaban shaidu, an raba goro, duk gari ya sani, amma ba wanda ya je ofishin magajin gari ya rubuta. Wata da watanni muna yawo tsakanin kotu da biro, muna neman tsofaffin da suka halarci ɗaurin auren, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da za a yi cikin yini guda lokacin da mai gidan yake da rai, shi ya kusa cinye mana shekara.

Gwamnati ta gwada wata hanyar. Daga 2011 an fara shirin tallafi tare da Bankin Duniya, ana ba gidaje marasa ƙarfi jaka goma ta sefa kowane wata har tsawon wata 24, kuma a hannun mace ake danƙa kuɗin. Ya taimaki mutane, ban musa ba. Sai dai tallafi ne mai wa'adi, tsufa kuwa ba ya ƙarewa bayan shekara biyu. Mata da kansu ba su zauna jira ba. A nan jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, asusun da mata ke zubi duk mako suna ba junansu rance, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Amma asusu yana tafiya ne muddin kina iya zubi.

Ke nan fanshon yawancin iyayenmu mata mu ne, ni da ku. Shi ya sa zaman kashe wando a fada, ana dafa shayi tun hantsi har la'asar, ba matsalar saurayi kaɗai ba ce. Duk saurayin da ba ya samu, akwai wata tsohuwa a bayansa da fanshonta ya tsaya. Wani lokaci ma abin juyawa yake yi, ita ce ke ciyar da shi daga kaskon tuyarta. Kuna tuna Oktoba 2013, lokacin da mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Mace ba ta ɗaukar goyo ta shiga hamada in akwai abin dogaro a gida.

Ina jin wasunku suna cewa tsofaffin ma'aikata su tafi ritaya da wuri a ba matasa wuri. Na fahimci zafin, mai difloma da ya gama bautar ƙasa ya dawo gida yana da dalilin yin fushi. Amma ku yi lissafi da kanku. Ko duk ma'aikatan gwamnati sun ajiye aiki gobe, guraben ba za su ɗauke matasan Damagaram kaɗai ba, balle a haɗa da Tawa da Yamai. Kuma malamar da aka sallama da wuri, da ɗan fansho kaɗan za ta koma gida, gidan da wataƙila ita ke riƙe da shi. Abin da ya fi dacewa mu matsa wa hukuma a kansa shi ne a buɗe wa mai sana'ar hannu, tela da ƴar kasuwa da ɗan kabukabu, hanya mai sauƙi ta yin zubi daidai ƙarfinsu don tsufansu.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. In ka sami aiki a wani kamfani, ko shago ne babba, tambayi ko an rubuta ka a CNSS, ka karɓi lambarka ka adana. Haƙƙinka ne a doka, kamar yadda mafi ƙarancin albashi, jaka 42 tun farkon 2024, yake haƙƙinka. Ku ƴan mata musamman, kada kunya ta hana ku tambaya, don ku aka fi ɗauka aiki da baki kawai. Sannan in kun koma gida yau, ku tambayi Baba ko akwai takardar aurensa da Inna, da takardun haihuwar ƙannenku. In babu, ku raka su a yi tun shaidu suna raye.