Idan Haƙƙi Ya Ci Karo Da Haƙƙi

 

Ga tambaya. Ranar girkin amarya ce, sai naƙuda ta kama uwargida da tsakar dare. Ɗakin wa maigida zai nufa? Kowacce da haƙƙinta, ba kuwa na ƙarya ba. To, irin tsaka-mai-wuyar da alƙalai kan shiga ke nan.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa. Na 33 ya kare ran mutum, na 34 ya hana azabtar da shi. In sun yi karo fa? Wasu masana shari'a suka ce a ɗora su a sikeli, mai nauyi ya rinjaya. Wasu suka ce a'a, a fara neman hanyar da ba za a take ko ɗaya ba.

Manya cikinku kun tuna Amina Lawal ta Kurami, nan ƙasar Bakori. A Maris 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa don ta haihu bayan mutuwar aurenta. A Agusta babbar kotu a Funtuwa ta tabbatar. Duniya ta ɗauka har Turai da Amurka, ana ta cewa sai an zaɓa: ko Shari'a ko tsarin mulki.

Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, suka ratsa ta cikin fiƙihun Malikiyya. Suka kawo batun kwantaccen ciki, wanda kakanninmu ma sun san shi: yakan iya kai shekara 5, a jingina ɗan ga tsohon miji. Suka ce wadda ta yi iƙirari tana da damar janyewa. Alƙalin farko kuma shi kaɗai ya zauna, alhali dokar jiha ta ce da mutum 2 tare da shi.

Ranar 25 ga Satumba 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta. Alƙalai 4 suka yarda, 1 ya ƙi.

Ni dai dabarar ta burge ni: rai ya tsira, Shari'a tana nan daram. Amma ba zan ɓoye muku ba, ko jifa ya saɓa wa sashe na 34, wannan hukuncin bai taɓo maganar ba.

Lokaci ya yi halinsa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.