Ina guraben aikin suka shiga?

Yau maganar aiki za mu yi, domin wallahi wayata ta cika da tallan guraben aiki da ake turo min, kowa na tambaya: "Wannan na gaskiya ne?" To bari mu zauna mu duba kasuwar gaba ɗayanta.

Mu fara da alƙaluma. A ƙarshen 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta ce marasa aikin yi a Najeriya sun kai kashi 33.3 cikin 100. Sai ga shi a 2023 hukumar ta fitar da sabon rahoto, ta ce a farkon shekarar kashi 4.1 ne kacal. Mutane suka yi ta mamaki, wai yaushe aka ɗauki kowa aiki ba mu sani ba? Ai ba a ɗauki kowa ba, ma'aunin aka canza. A da, sai kana aikin aƙalla awa 20 a mako kafin a cire ka daga sahun marasa aiki. Yanzu kuwa, in ka yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai ka samu wani abu, an lissafa ka cikin masu aiki. Kun ga kenan ɗan digirin da ke tsare wa yayansa shagon caji ranar Asabar, a takarda shi ma ma'aikaci ne.

Ba na cewa ƙarya suka yi, ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bi. Amma cikin rahoton akwai wani adadi da ya fi damuna: fiye da mutum 9 cikin 10 masu aiki a ƙasar nan suna ɓangaren da ba shi da tsari ne. Babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho, babu inshorar lafiya. Ranar da ka kwanta ciwo, ranar babu kuɗin cefane. A nan gizo ke saƙar. Mutanenmu ba zaune suke ba, aikin da ke riƙe mutum ne ya yi ƙaranci.

To ina guraben suka shiga? Aikin gwamnati dai kun san labarinsa. A watan Maris na 2014, dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowannensu don neman gurabe 'yan dubbai a hukumar shige da fice, aka yi turmutsitsi a filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, mutane fiye da goma suka rasa rayukansu. A 2020, sama da mutum miliyan 5 suka nemi N-Power, shirin da a lokacin yake biyan naira 30,000 a wata. Masana'antu kuma, ku tambayi iyayenmu yadda Kakuri take a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ko Sharaɗa da Bompai a Kano. A 2023 ma kamfanoni irin su GSK da Procter & Gamble sun sanar da janye harkokinsu ko rufe masana'antunsu a nan. Ga aikin ƙungiyoyin agaji, wanda ya riƙe matasa da yawa a Maiduguri da Damaturu da Yola, shi ma ya girgiza bayan Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025.

Abin da nake yawan gani yanzu shi ne tallar kaya, wakilcin POS, kai saƙo a babur, haɗa sola, koyarwa a makarantun kuɗi, da aikin banki na kwantiragi, inda wani kamfani ne daban zai ɗauke ka ya tura ka bankin. Masu albashi mai tsoka kuma, galibi Legas da Abuja suke, kuma kwamfuta suke so ka iya sosai.

Sai sharuɗɗa. Za ka ga an rubuta kada ka wuce shekara 26 ko 27. Haba jama'a! Wanda yajin aikin ASUU ya cinye wa wata 9 a 2020, ya sake cinye masa wata 8 a 2022, ya jira bautar ƙasa, ta yaya zai cika wannan? Laifinsa ne?

Wannan matsin ne ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Akwai ƙanwar wani abokina, mahaifiyarta ta sayar da tumakinta aka biya wani mutum da ya ce yana da gurbi a wata ma'aikata. Har takardar kama aiki ya ba ta mai hatimi. Ranar da ta je da sabon ɗinkinta, a bakin ƙofa aka ce mata ba su san zancen ba. Lambarsa kuma a kashe har yau. Don Allah ku riƙe wannan: duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a ba ka, ka gudu.

Me za mu yi? Na farko, kada ka zauna jiran takardar gwamnati. Ka riƙe kwalinka, amma ka ɗora masa wani abu da hannunka ya iya. Akwai shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da aka fara a 2023, akwai gyaran waya, akwai sola, akwai sarrafa amfanin gona. Na biyu, in ka ga talla, ka shiga shafin hukumar ko kamfanin da kanka ka tabbatar kafin ka tura wa wani. Na uku, kuma wannan ne ya fi min muhimmanci: kada a mayar da laifin kacokan kanmu. Sana'a ba ta tafiya babu wutar lantarki, babu tsaro a hanyar gona, babu jari. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma ku tambayi malamar makarantar kuɗi ta unguwarku nawa take ɗauka. Idan ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a ya ce zai samar da ayyuka, ku tambaye shi wane iri, nawa ne albashin, kuma a wace ƙaramar hukuma.

'Yan'uwana mata, ku ma da ku ake. Kada a ce miki ki ajiye kwali ki jira.

Ku faɗa mana irin tallan aikin da kuke gani a garuruwanku, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Allah Ya buɗa mana ƙofofin halal. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.