Ruwan Rijiya da Haƙoran Ƙannenmu



Abin da zan yi magana a kansa yau ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, amma kullum muna shansa. Sunansa fulorayid, wato wani sinadari da ruwa kan kwaso daga jikin duwatsu a ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, ya hana shi ruɓewa. Saboda haka ne birnin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba shi cikin ruwan famfo a 1945, saboda haka ne kuma ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa kuwa, sai ya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha.

To, me ya sa na ware yara ƙanana? Dalili shi ne, jikin yaro da na babba ba ɗaya suke karɓarsa ba. Babba yakan fitar da fiye da rabin abin da ya sha ta fitsari. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku kuwa ƙasusuwansa girma suke, haƙoransa na dindindin suna ginuwa a cikin dasashi, don haka jikinsa kan riƙe rabi ko fiye. Kusan kashi 99 cikin 100 na abin da jiki ya riƙe a ƙashi da haƙori yake zama. Sai bayan shekaru, ran da yaro ya yi famfara, sabon haƙori ya fito da farin tabo ko ja, iyaye su yi ta mamaki, gama yaron bai taɓa cin goro ba. Wannan tabo aswaki ba ya fid da shi.

In abin ya tsananta, ƙashi yake kamawa. Maƙwabtanmu na Tibiri, kusa da Maraɗi, sun gani da idonsu. Rijiyar burtsatse da garin ya fara sha a 1985 fulorayid ɗinta ya ninka ƙa'ida, aka yi shekaru ana sha, har ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu. Ruwan nan garau yake, ba wanda ya zarge shi.

Mu dawo gida. Dutsen Riruwai a ƙasar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, yana cikin irin duwatsun da ke ɗauke da ma'adinai masu fulorayid. Ruwan sama da na tafki, irin na madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, galibi nasu kaɗan ne. Ruwan da ya daɗe kwance cikin dutse shi ne abin lura. Ga shi kuwa ƙauyukan Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun dogara ga rijiya da burtsatse. Rijiyoyi biyu a gari guda suna iya bambanta, don haka kowace sai an auna ta.

Ga abin da za mu iya yi. Na farko, a daina zaton tafasa ruwa na kawar da fulorayid. Ƙara masa ƙarfi ma yake yi, domin ruwan ne ke ƙonewa. Na biyu, uwa ta ci gaba da shayarwa, gama nononta ɗan kaɗan yake ɗauke da shi. Na uku, a rage bai wa yaro shayi mai kauri, ganyen shayi yana da shi da yawa. Na huɗu, yaro yakan haɗiye man goge baki: wanda bai kai shekara uku ba a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, babba na tsaye a kansa.

'Yan'uwana, gobe waɗansunmu ne za su zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi, su sa hannu a takardar kwangilar burtsatse. Roƙona gare ku, kada ku sa hannu a biya kuɗi sai kun ga sakamakon awon ruwan. In kun je hutu kuma, ku duba bakin ƙannenku, ku tambayi rijiyar da suke sha.