Mai zuwa shantiye, a rubuta sunanka

Hirarmu ta yau a kan aikin shantiye take, wato wurin da ake gina hanya ko gada ko madatsar ruwa.

Kun san manyan ayyukan ƙasarmu. Gadar Kennedy ta Yamai an buɗe ta a 1970. Matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Bututun mai da ya tashi daga Agadem zuwa bakin teku a ƙasar Benin ya kusa kilomita 2000. Irin waɗannan ayyuka ba su yiwuwa sai da lebura. Leburori da yawa kuwa manoma ne kamar ku, masu fita cin rani bayan an gama girbi. Wani ya komo da kuɗin sa da tufafin iyali. Wani ya komo da gurguwar ƙafa, ba ko dala. To, mi ke hana a kare lafiyar lebura?

Na farko, rashin takarda. Babban kamfani yakan ba ɗan kwangila wani yanki na aikin. Ɗan kwangila ya kwashi mutane a bakin ƙofa da safe, ya biya su da marece, bai rubuta sunan kowa ba. Ranar da tsautsayi ya faɗa, sai kamfani ya ce bai san ka ba.

Na biyu, tsoro. Ka ga tsani ya tsage, amma ka yi shiru, don mutane da yawa suna waje suna jiran gurbinka.

Na uku, zafi da gaggawa. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Sai mutum ya tuɓe hular kwano, ya shiga kwaɓin siminti da silifa. Ɗanyen siminti kuwa yana cin fata kamar wuta.

Na huɗu, rashin karatu. An kafa allo an rubuta HATTARA ko DANGER da Faransanci, amma mutum ya wuce bai san abin da aka ce ba.

Na biyar, cewa komi ƙaddara ne. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Ku yi wannan lissafi: ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, ta fi buhun siminti 20 nauyi. In bangon rami ya rufto maka, wa zai ɗaga ta kafin numfashi ya ƙare? Ƙasarmu rairayi gare ta. Kada ka shiga rami mai zurfi in ba a tokare bangonsa da katako ba.

Yanzu ku saurari abin da doka ta ba ku. Tun 1965 Nijar ke da asusun kula da ma'aikata, wato CNSS, wanda mutane ke kira Kes. Kuɗin da ake zubawa don haɗarin aiki, mai aikin ne ke biyan su, ba lebura ba. In ka ji rauni a bakin aiki, wajibi ne mai aikin ya sanar cikin kwana biyu. Daga nan ne magani da diyya ke fitowa. In ya ƙi, ka tafi ofishin masu binciken ƙwadago na jiharku ka kai kuka.

Saboda haka, ranar da aka ɗauke ka, ka tambayi sunan kamfani da na ɗan kwangila, ka rubuta a littafinka. Ka nemi a rubuta sunanka, ka karanta shi da idonka. Ka riƙa rubuta kwanakin da ka yi aiki. Ka ajiye kowace takardar biya. In ka ga haɗari, kada ka tafi kai kaɗai, ku taru ku biyar ko goma ku faɗa wa shugaban aiki.

Gobe a aji, malami ya sa kowa ya rubuta sunansa da na garinsu da kalmar HATTARA. Wanda ya taɓa aikin shantiye ya ba sauran labari.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.