Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi da Jahilci: Allura da Maganin Tsinka Jini

  

Mu 'yan aji ba lissafin adashi muka kawo ba, maganar allura ce. Mun san halinmu: in zazzaɓi ya kama mu ana gobe kasuwar Mai'adua, kemis muke nufa mu ce a yi mana allura, wai ta fi ƙwaya saurin aiki.

Bara wata 'yar uwarmu, da izininta muke faɗa, jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa bayan haihuwa, likita ya ɗora ta kan warfarin, maganin tsinka jini. Da maruru ya fito mata, aka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta a ɗuwawu. Ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Kafin asuba wurin ya kumbura ya yi baƙi, ta kasa taka ƙafa. Kwana shida ta yi a gadon asibiti, rumfarta a rufe, asusunmu na taimakon juna ya biya rabin kuɗin.

Ga abin da likita ya fahimtar da mu. Allurar nama tana fasa ƙananan jijiyoyi. Ga mai shan wannan magani jinin ba ya saurin tsayawa, sai ya taru a ciki, ido bai gani ba. Na biyu kuma, wanda ya fi ba mu tsoro, wasu magungunan suna ƙara wa warfarin ƙarfi ko da ƙwaya aka sha: Flagyl, Septrin, cipro. Duk muna da su a gida, kada mu yi musu! Haka asfirin da diclofenac na ciwon jiki, suna ƙara haɗarin zubar jini.

Ba a ce mai shan warfarin ba ta da magani in cuta ta kama ta ba. Likita zai iya ba ta ta jijiya ko ya zaɓi wani, ya kuma sa a yi gwajin jini da ake kira INR bayan 'yan kwanaki. Abin da aka hana shi ne mace ta daina shan maganinta da kanta don za a yi mata allura. Gudan jinin na iya tafiya huhu.

In aka ga haɓo ya ƙi tsayawa, dasashi na jini, fitsari ja, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, Babban Asibitin Daura za a nufa ko tsakar dare ne. Maigida, don Allah kada a ce a bari sai gari ya waye.

'Yar uwar tamu yanzu da hannunta ta rubuta sunan maganin a kati, da boko da ajami, yana cikin jakar cinikinta. Duk mai shan irinsa, ko mai uwa ko miji da ke sha, ta zo aji ranar Alhamis bayan la'asar da kwalin maganin, malama za ta taya mu rubutawa.