Tamowa A Sansanonin Gudun Hijira: Abin Da Ya Faru A Bama

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, ya 'yan'uwa maza da mata, maganarmu ta yau a kan ƙananan yara ce waɗanda rikici ya kora tare da iyayensu zuwa sansanonin gudun hijira. Za mu ɗauki Bama ta jihar Borno ta zame mana misali, domin abin da ya faru can a rubuce yake, ba jita-jita ba ne.

Bama ta faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba na 2014, sojoji suka ƙwato ta a watan Maris na 2015. Daga nan aka riƙa tara mutanen ƙauyuka a harabar asibitin garin, har suka kai kimanin 24,000. A watan Yuni na 2016 likitocin ƙungiyar MSF suka samu shiga. Sun ƙirga kaburbura 1,233 a kusa da sansanin, 480 daga ciki na yara ne. Cikin wata guda kafin zuwansu mutum 188 suka rasu, wato kusan shida kullum, akasari saboda gudawa da yunwa. Tsakanin Bama da Maiduguri bai fi kilomita 70 ba. Wannan fa ba a bayan duniya ya faru ba, jama'a.

To, me ya sa yaro ne ke fara tafiya? Babba yana iya jure wa garin masara tsurarsa na tsawon watanni. Yaron da bai kai shekara biyar ba cikinsa ƙarami ne, jikinsa kuwa ginuwa yake yi, yana bukatar mai da wake da madara ko kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Idan ya rasa, garkuwar jikinsa sai ta yi rauni. Ga cunkoso, ga ƙarancin masai, ga ruwa maras tsabta. Gudawa ta kama shi, ta wanke ɗan abin da ya ci, ya ƙara ramewa. Yana cikin haka ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya riske shi. Cutar da ɗan gida zai yi kwana uku ya tashi, ita ce ke kai wannan kushewa.

A nan ne muke da gyara ga kanmu. Sau da yawa idan yaro ya bushe, gashinsa ya yi ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, sai a ce mayu ne suka kama shi, a kwashi ɗan abin da ya rage a kai wa boka. Wasu ma murna suke yi da kumburin, suna zaton ƙiba ce. Alhali gwajin mai sauƙi ne. A danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin ya zauna, wannan tamowa ce mai tsanani. Akwai kuma ɗan zaren awo mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, asibiti za a nufa a ranar.

Maganin kuma yana nan. Tun 1996 aka haɗa shi a Faransa: gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, cikin 'yar leda, ba a dafawa, ba a zuba masa ruwa. A yunwar Nijar ta 2005 aka ga amfaninsa sosai, musamman a yankin Maraɗi, inda uwa ke karɓa ta koma gida ta ba ɗanta da hannunta. Cikin mako shida zuwa takwas yawancin yara kan miƙe. Sai dai wanda ya daina cin abinci gaba ɗaya, shi dole a kwantar da shi a fara masa da madara ta musamman, don ɗura masa abinci mai nauyi farat ɗaya na iya halaka shi.

Abin takaici, wannan leda ana ganinta a kan tebur a kasuwa, manya na saye suna lasa don daɗi. Duk wanda ya saya ya sani rabon wani yaro ya sha. Haka nan a watan Yuni na 2017 fadar shugaban ƙasa da kanta ta ce a baya cikin kowace mota 100 ta hatsi da aka tura arewa maso gabas, fiye da 50 karkatar da su ake yi. Wace irin cin amana ce ta wuce wannan?

Tarihi ya kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ji kukan jariri da dare a zangon wasu matafiya a Madina. Da ya bincika, ashe uwar yaye shi take yi da ƙarfi, domin baitulmali ba ya yanka rabo sai ga wanda aka yaye. Washegari ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Ya gane cewa tsarin rabon ne ke cutar da yaron. Mu ma idan za mu kai taimako sansani, mai shayarwa za mu fara ciyarwa, domin nononta ne abinci mafi tsabta a wurin. Gwangwanin madarar jarirai da wasu ke kaiwa da kyakkyawar niyya, idan aka dama da ruwan sansani, gudawa yake haifarwa.

Daga 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin Maiduguri, ciki har da na Bakasi, tana mayar da mutane garuruwansu. Amma rufe ƙofar sansani bai ba mutum gona ba. A watan Yuli na 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai sa a rufe cibiyoyin kula da tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin agaji na masallatanmu, idan za a kai zakka ko sadaka, a haɗa masarar da wake da man gyaɗa da sabulu, a miƙa wa iyaye mata hannu da hannu, kada a jibge a ofis. Malaman makarantun matan aure kuma su nemi ma'aikaciyar lafiya ta zo ta koya wa ɗalibai yadda ake awon damtse. Darasi ne da bai wuce rabin sa'a ba.